Wasiƙa a kan Krabi, inda alƙibla take kallon teku

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gida ya kasuwa, ya Hajiya da jiki, ince dai ƙafar ta yi sauƙi? Ka gaishe min da ita ƙwarai, ka ce ina neman addu'a. Ya uwargida da yaran, Allah ya raya mana su. Na ga saƙonka tun shekaranjiya amma ban so in sallame ka da guntuwar amsa ba, kuma kasan muna gaba da ku da awa shida, lokacin da kake rufe shago ni dare ya riga ya raba a nan, shi ya sa yau na ware lokaci na zauna in rubuto maka a tsanake.

Ka ce in Allah ya kai mu Janairu zaka shigo Bankok, babban birnin Tailan, saro kaya, kuma akwai kwana huɗu ko biyar da zaka yi kana jiran a haɗa maka kayan, kana tambaya ko akwai inda mutum zai je ya huta wanda ba zai sha wahalar abinci da wurin sallah ba. Akwai wallahi, Krabi, wani lardi ne a bakin teku a kudancin Tailan. Ban fi sati biyu da dawowa daga can ba kuma har yanzu in na rufe ido ruwan nan nake gani.

Yadda aka yi, muna gama jarabawa wani ɗan ajinmu ya ce ba zan yi hutun nan a ɗaki ba sai na bi shi garinsu. Musulmi ne, kuma a kudancin Tailan namiji Musulmi da ya girme ka Bang ake ce masa, kamar dai ka ce Yaya, to ni ma Bang nake ce masa duk da bai ba ni shekara biyu ba. Daga Hat Yai, garin da nake karatu, muka hau ƙaramar bas, kusan awa biyar muka yi ta hanyar Trang, hagu da dama ba abin da kake gani sai gonakin roba da na kwakwar manja, sune noman mutanen lardin. Sai da muka kusa sannan duwatsun suka fara fitowa, kuma ba irin namu ba ne masu sulɓi da faɗin baya, waɗannan a tsaye suke cak kamar an dasa su a tsakiyar gona, dutsen farar ƙasa ne irin wanda ake yin siminti da shi, ruwan sama ya daɗe yana cinsa ya ɓuɓɓule shi da koguna, bishiyoyi kuma sun rufe kansa ruf. Haka suke a tudu haka suke a cikin teku, wani ma gindinsa siriri samansa ƙato saboda igiyar ruwa tana ta zaizayar ƙasansa.

Daren farko a gidansu na kwana. Wajen ƙarfe uku na dare na ji motsi, ashe mahaifinsa ne zai fita gona, don ita roba da sanyin dare ake tsaga ta, in rana ta yi zafi ruwan ba ya zuba sosai. Na bi shi. Fitila ɗaure a goshi, wuƙa mai lanƙwasa a hannu, ya ɗan yanki ɓawon itacen a karkace siriri kamar mai fere ƙwarya, sai ka ga farin ruwa kamar madara yana bin tsagar yana ɗiga a ɗan kofin da aka ɗaure a jiki, ya wuce na gaba, bishiya bayan bishiya har aka kira assalatu. A masallacinsu kuwa Shafi'iyya ne, liman ya karanta bismilla a bayyane, a raka'a ta biyu bayan an ɗago daga ruku'u ya yi alƙunutu da ƙarfi kowa ya ɗaga hannu ana amin. Kada abin ya ba ka mamaki in ka zo, bi kawai.

Washegari muka sauka Ao Nang, nan ne matattarar baƙi, otal-otal da gidajen abinci jere a bakin ruwa, kuma akwai babban masallaci a kan titin da ke gangarowa teku. Abin da na fara lura da shi shi ne masu kwale-kwalen da yawansu Musulmi ne, jikokin masunta, kana jin suna Bang kaza Bang kaza a tsakaninsu. Kwale-kwalen na katako ne mai dogon hanci, a baya an ɗora injin mota sukutum a kan wani ƙarfe mai juyawa, daga injin aka miƙo doguwar sanda da farfela a ƙarshenta, direba yana tsaye yana riƙe da hannun injin, in zai juya sai ya karkata injin gaba ɗaya, in ruwa ya yi ƙasa ya ɗaga sandar sama, ƙararsa kuwa sak injin niƙa. Tsarin irin na tasha ne, ka yanki tikiti ka zauna sai mutum takwas sun cika a tashi. Babu wani dandamali, naɗe wando zaka yi ka shiga ruwa har gwiwa ka taka ɗan tsani ka hau, don haka ka zo da silifa da leda mai ƙwari ta waya da fasfo.

Bat 100 na biya, kuɗin Tailan ke nan, zuwa Railay, minti goma sha biyar. Shi Railay ba tsibiri ba ne, a jikin ƙasa yake, amma duwatsu sun tokare shi ta baya babu titin da ya shiga, sai ta ruwa. In ka ɗaga kai zaka ga Turawa rataye da igiya a jikin dutse suna hawa, daga ƙasashe daban-daban ake zuwa don wannan kawai. Ni dai ƙasa na tsaya ina kallon yashin, fari ne lukwi kamar garin alkama, ruwan kuma kusa da gaɓa kore-kore, can ciki shuɗi.

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da wani kawun Bang ya ɗauke mu a kwale-kwalensa zuwa ƙananan tsibiran da ke gaban Ao Nang, wato Poda da Tup da Mor da wani da suke kira tsibirin kaza don akwai dutse a ƙarshensa mai kama da wuyan kaza da kanta, kuma da gaske yana kama. Dattijon nan bai duba waya ba, lissafin kwanan wata ya yi da yatsu kamar yadda tsofaffinmu suke yi, ya ce yau sha huɗu ga wata ruwa zai ja baya sosai. Kasan mu da muka tashi nesa da teku a littafi kawai muka san wannan, cewa wata yana jan ruwa, ya cika ya janye sau biyu a yini, kuma ya fi ƙarfi in wata ya cika ko yana sabo. Da muka isa tsibiran nan a rarrabe suke ruwa a tsakaninsu. Muka zauna a inuwa muka ci abinci. A hankali a hankali sai ga wani farin layi yana tasowa daga cikin ruwa, kafin awa ɗaya ya zama hanya ta yashi da ta haɗa Tup da Mor da tsibirin kaza, teku a dama teku a hagu, mutane suna takawa da ƙafa daga wannan zuwa wancan. Talay Waek suke ce masa, wai tekun da ya rabu. Na taka na je na dawo, ƙananan kifaye masu zane-zane suna zagaya ƙafata, kuma dattijon ya ce kada mu yi nisa da lokaci, don in ruwa ya juyo hanyar nan shafe ta zai yi kamar ba a taɓa yin ta ba.

A Poda la'asar ta same mu. Ka tuna hadisin nan da muka haddace a Islamiyya a kan teku, ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne, muna rerawa ba wanda ya taɓa ganin tekun a cikinmu? To ranar na yi alwala da shi mutumina. Na kurkure baki gishiri ya kama min harshe, na shaƙa ya yi min yaji a hanci, na tuna Malam da allonsa, Allah ya jiƙansa. Sannan ga alƙibla. Mu a gida in an ce gabas an gama magana, a nan kuwa Makka tana yamma, ka ɗan karkata dama kaɗan, kuma da yake lardin nan a gaɓar yamma yake, tekun Andaman, sai ya zama in ka tayar da sallah ruwa ne a gabanka iya ganinka. Muka shimfiɗa tawul mu uku, dattijon ya ja mu, baƙi suna wucewa ta bayanmu babu wanda ya dame mu. Na daɗe a sujadar nan. Na yi maka addu'a kai da Hajiya a wurin.

Daga nan sai Phi Phi, wanda shi ne kowa ya sani a hoto. Babban jirgin ruwa muka hau daga garin Krabi, kusan awa biyu, in kasan kana jin jiri a mota ka sha magani tun kafin a tashi ka zauna ta baya inda iska take. Tsibirai biyu ne manya, Phi Phi Don inda mutane suke da Phi Phi Leh da ba kowa a kai. A garin Don babu motoci, lunguna ne ƙanana, kaya a amalanke ake turawa. Zan faɗa maka gaskiya don kada ka zo ka ce ban gaya maka ba, dare a tsakiyar garin nan ba namu ba ne, kiɗa ne da giya da shigar da ido ba ya son gani har wajen asuba, raina bai so ba, kwana ɗaya na yi na ce ya isa. Amma masunta Musulmi ne suka fara zama a tsibirin, masallacinsu yana nan, kuma in ka yi asuba ka fito garin shiru kamar ba shi ba.

Da sassafen muka hau tudun da ake hango gari. Daga sama zaka ga garin duka a kan wani ɗan siririn yashi yake tsakanin duwatsu biyu, teku ta nan teku ta can. Nan Bang ya tsaya ya nuna min yadda abin ya faru ranar 26 ga Disamba 2004, da aka yi girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku kusa da Sumatra ta Indunusiya. Da safe ne, ruwa ya fara ja da baya fiye da yadda aka saba har mutane suka fita kallo, sannan ya dawo, kuma a nan ta ɓangarori biyu ya shigo ya haɗe a tsakiyar gari, babu wurin gudu sai tudu. Sama da mutum 5,000 suka rasu a Tailan kaɗai, a duk ƙasashen da abin ya shafa kuwa wajen 230,000. Yana magana muryarsa ta sauya, ya ce kusan duk gidan masu kwale-kwale akwai wanda suka rasa ko suka sani. Yanzu duk lungun da ka bi akwai allo mai hoton igiyar ruwa da kibiya tana nuna hanyar tudu. In kun sauka ka fara duba allon nan, ba don tsoro ba, su ma haka suke koya wa yaransu.

A Phi Phi Leh ne Maya Bay take, wani lungun ruwa da duwatsu suka kewaye kamar katanga. Wani fim ɗin Amurka da ya fito a 2000 shi ya tallata wurin, daga nan mutane suka yi ta tururuwa dubbai a kullum, jirage suna jefa anga a kan murjani suna farfasa shi har yawancinsa ya mutu. Sai hukuma ta rufe wurin a Yunin 2018, ba a sake buɗewa ba sai Janairun 2022. Ka duba fa, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi kawo musu kuɗi suka kulle shekara uku da rabi don ruwa ya huta. Yanzu jirgi ba ya shiga ta gaba, ta bayan tsibirin ake sauke ku ku bi wata gadar katako ta cikin daji, an hana iyo, iyakarka ka tsoma ƙafa, in ka zarce ma'aikaci ya busa maka usur, kuma duk shekara suna sake rufewa a Agusta da Satumba. Wasu baƙin suna ta ƙorafi, ni kuwa abin ya burge ni matuƙa, don ina tsaye ruwa iya ƙauri na ga 'ya'yan kifin shak masu baƙin tabo a fiffike suna yawo kusa da gaɓa, waɗanda da sun gudu sun bar wurin. Kuɗin shiga na baƙo bat 400 ne, ɗan ƙasa 40, na biya ban ji ciwo ba da na ga inda kuɗin yake tafiya. A hanyar dawowa an nuna mana wani kogo da ake hawa da gora ana ciro sheƙar wasu tsuntsaye irin tsattsewa, da yawunsu suke gina ta, Sinawa suna saye da tsada su yi miya. Ba a shiga, daga jirgi ake kallo.

To amma in ka ce in zaɓar maka wuri ɗaya, ba Phi Phi zan ce ba, Koh Klang zan ce, wanda yawancin masu sayar da tikitin yawo ba sa ma ambatonsa. Tsibiri ne a tsallaken kogi daga garin Krabi, minti kaɗan a kwale-kwale, kana hango wasu tagwayen duwatsu a bakin kogin da suke kamar ƙofar gari. Kusan kowa a can Musulmi ne, babu giya babu mota, babur mai akwati a gefe shi ne abin hawa. Gonakin shinkafa, ɓauna irin ta gida tana kiwo, awaki, yara da hula suna dawowa daga makarantar Alƙur'ani da yamma, in ba don kwakwa da warin teku ba sai ka ce wani ƙauye ne a wajenmu. Gefen tsibirin duk wasu itatuwa ne da suke tsirowa a cikin taɓo da ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafu, a ƙarƙashinsu kaguwa da jatan lande da ƙananan kifaye suke hayayyafa, shi ya sa mutanen suke tsaronsu. In ruwa ya janye mata su fita da bokiti suna tonon ƙumba a yashi. Wata tsohuwa da ta ji an ce daga Najeriya nake kuma Musulmi, ta kama hannun rigata ta zaunar da ni, ta ce in karanta mata Fatiha. Na karanta, ita ma ta karanta, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, ta shiga ciki ta kawo min shayi da soyayyar ayaba, ta ƙi karɓar ko bat ɗaya.

Sauran wuraren a gurguje. Akwai wurin ibadar 'yan Buddha da ake kira Kogon Damisa kusa da gari, matakala 1,260 zuwa saman dutse, hawan Dala sau nawa ke nan, mun tafi da sassafe don hangen lardin daga sama kuma ya biya wahalar, sai dai ka riƙe ruwanka da kyau don birai suna fizge duk abin da ke hannu, kuma wurin ibadar mutane ne, a cire takalmi a sama a yi shiru. A Khlong Thom akwai wani tafki mai kore shar a cikin daji da maɓuɓɓugar ruwan zafi kusa da shi, ya tuna min Wikki lokacin da makaranta ta kai mu Yankari, in lokaci ya ƙure maka wannan zaka iya bari.

Abinci kada ka damu ko kaɗan. Ka nemi mata masu hijabi a bayan tukunya ko tambarin halal da Larabci, suna ko'ina. Ka ci khao mok kai, dafa-duka ce mai kurkum da kaza, ka ci soyayyar kaza da soyayyar albasa da shinkafa mai danƙo, ka ci miyar massaman mai gyaɗa da dankali da madarar kwakwa, ita ce ta fi kusa da bakinmu, da dare kuma roti da ayaba da madarar gwangwani. Gasasshen kifi ka tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a wuta, ni wani ya so ya ninka min a bakin ruwa sai da Bang ya sa baki. Barkononsu kuma ba wasa, ko kai mai son yaji ka ce a rage.

Janairu lokaci ne mai kyau, daga Nuwamba zuwa Afrilu rani ne teku a kwance, daga Mayu zuwa Oktoba ne ake ruwa da iska har a kafa jar tuta a hana shiga. Sai dai otal yana tsada a lokacin, ka kama ɗaki a cikin garin Krabi ya fi na Ao Nang sauƙi kuma kana kusa da kasuwar dare. Daga Bankok kusan kilomita 800 ne, jirgin ƙasa ba ya zuwa, bas kwana take yi a hanya, ka hau jirgin sama kawai bai kai awa ɗaya da rabi ba. Duk kwale-kwalen da ka shiga ka sa rigar ceto ko da ka ga wasu ba su sa ba, ni da kai babu wanda ya iya ruwa.

Ka turo min ranar da zaka sauka da wuri in nemi izini a makaranta, zan hau bas in tarye ka a filin jirgin Krabi in sha Allah, na riga na yi wa kawun Bang magana ya ce mu duba kwanan wata mu daidaita da tsakiyarsa saboda hanyar yashin nan. Dan Allah in zaka taho ka karɓo min kuka da daddawa da yajin Hajiya, a ɗaure da kyau a leda biyu, nawa ya ƙare tun watan jiya. Ka gaida mutanen majalisa gaba ɗaya da su Baba mai shayi.

Naka har kullum,
abokinka na Hat Yai